Hancin da Na Allah Ya Dasa wa Mota

In ka shiga Tasawa ta hanyar Maraɗi, ka wuce tasha, ka ji ana dukan ƙarfe kamar ya yi wa wani laifi, to ka iso rumfar Na Allah mai walda. Kada ka wahalar da kanka da sallama daga nesa, ba zai ji ba. Shekara talatin yana tsakanin guduma da injin yankan ƙarfe, kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagun ma sai ka kafa baki a kansa ka ƙwala kamar mai kiran shanu. Ka zagaya gabansa kawai ya gan ka. Zai ɗaga baƙin tabaraunsa ya dube ka sama da ƙasa, sannan ya dubi motarka, kuma wallahi motar zai fi yi wa fara'a.

Abin da ya sa direbobin kasuwannin ƙauye suke yi masa dariya a bayan ido shi ne yadda yake awo. Mutumin nan yana da ma'auni har biyu a rataye, amma in aka kawo masa mota, sai ya matso ya manna cikinsa a jikinta, ya ɗora yatsa daidai cibiyarsa, ya ja layi da alli. Daga wannan layin yake fara lissafin komi. Har suna suka sa masa, wai Awon Cibiya. Su dai suna dariya ne don ba su san inda awon ya samo asali ba. Waɗanda suka sani, tsofaffin tasha, ba sa dariya.

Mutumin Kona ne. Ubansa manomin gero ne mai rataya amya a kan gawo, yana cin zuma da kaka. Na Allah bai gaji noma ba, bai gaji zuma ba, tun yana saurayi ƙarar mota ta ɗauke masa hankali. Ya bi motocin kasuwa har ya iya tuƙi, aka ba shi wata bashe, irin mai buɗaɗɗen baya da ake lulluɓewa da tamfol, yana zirga-zirga tsakanin kasuwannin Tasawa da Mayahi. Direba ne na gaske, rairayin da ke cinye wasu shi ratsa shi yake yana cin goro. A wannan yawon ya ga Rahma, ƴar Garin Sharifu, wani ƙauye da ke hayin gulbi a ƙasar Mayahi, ya aure ta ya kawo Tasawa.

Da cikinta na fari ya tsufa, aka mayar da ita gidan iyayenta ta haihu a gaban uwarta, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Daminar alif ɗari tara da casa'in da huɗu ce, shekarar da ruwa ya yi ta zuba har mutane suka fara roƙon a tsagaita. Na Allah ya je duba ta da motarsa, ruwa ya rufe hanya a bayansa. Naƙuda ta zo, kwana ɗaya, kwana biyu, abu ya ƙi. Da hantsi a rana ta uku aka shimfiɗa ta a bayan bashe, uwarta na riƙe da kanta, ya nufi likitar Mayahi, wato asibiti.

Tsakanin Garin Sharifu da hanya akwai mashigin gulbi. Da rani yashi ne zalla, jakuna na birgima a ciki. Ran nan ruwa ne shimfiɗe, ja wur, ba ya gudu sosai amma faɗinsa ya kai jifa biyu. Na Allah ya yi bismillah ya shiga. Ya kai tsakiya lafiya lau. Sai injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Ya murɗa makulli, ya murɗa, ko motsi. Ya diro cikin ruwa, ruwan ya tsaya masa daidai cibiya. Ya tura motar da kafaɗa shi kaɗai, ina! A nan tsakiyar gulbi, rana tsaka, aka haifi ɗiya mace a hannun kakarta. Jini kuwa ya ƙi tsayawa. Kafin mazan gari su iso da amalanken shanu, Rahma ta cika. Shi yana tsaye cikin ruwa, yana riƙe da gefen mota, yana kallo, babu abin da ya iya. Aka juya da gawa da jaririya aka koma Garin Sharifu.

Bayan an janyo motar, wani tsohon makanike a Tasawa ya buɗe injin ya nuna masa. Ya ce mota ma numfashi take yi kamar mutum, ga ƙofar da take shaƙar iska nan ƙasa bayan fitila, ta nan ruwa ya bi. Ya nuna masa wani ƙarfe mai kaurin damtse da ya lanƙwashe a ciki. Na Allah ya tambaya, ruwa nawa ne ya yi wannan ɓarna? Tsohon ya ce bai kai cikin kwanon sha ba. Kai, wannan magana ta zauna masa a rai! Ruwan da bai cika kwano ba! Daga ranar bai sake riƙe sitiyari ba. Ya koyi walda, ya sake aure, ya haifi ƴaƴa, ya tsufa a rumfa. Amma ƙafarsa ba ta sake taka Garin Sharifu ba, kuma kowace mota aka kawo masa, daga cibiyarsa yake auna ta, don can ruwan ya tsaya.

Jaririyar nan ita ce Sakina. Ta yi yaye a hannun kakarta, ta dawo Tasawa ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ta wuce Damagaram ta karanto aikin ungozoma. Da aka tambaye ta inda take son aiki, ta ce Garin Sharifu. Ƙawayenta suka ce anya kanta ɗaya? Ta tafi abinta. Uban kuwa, da yake ƴar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba, kunya ta hana. Tana ƙarama yana ce mata "ke", da ta gama karatu ya koma ce mata "Likita".

Bara waccan, ana saura kaɗan damina ta faɗi, sai ga wata tsohuwar motar kat-kat, irin mai ratsa yashi da daji, mai buɗaɗɗen baya, mai shan gazuwal, wato man dizal, ta tsaya a bakin rumfarsa. Manoma da makiyayan Garin Sharifu ne suka haɗa ƙarfi suka samo ta don kai marasa lafiya Mayahi. Direbanta Mas'udu, magidanci mai ƴaƴa uku da ɗan karen gaggawa, shi ya fara fitowa. Sakina ta biyo shi, ta durƙusa ta gaida ubanta, sannan ta matsa kusa da kunnen hagu.

"Baba, motar gari ce. Duk damina sai mu yi wata biyu a yanke. Bara mata biyu na rasa a bakin ruwan nan."

Ta ciro waya ta nuna masa hoton wata mota mai wani bututu da ya fito daga kafaɗarta, ya hau gefen gilashi har saman rufi. Ta faɗi sunan abin da Faransanci, sunan bai zauna a bakin kowa ba. Na Allah ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ya daɗe yana kallo.

"Hanci ne," in ji shi. "Hanci suka ɗaga mata sama. Likita, ashe akwai masu hankali a duniya. Ku bar mini ita."

"Kwana nawa, Baba?" in ji Mas'udu da ƙarfi.

"Sai ta gamu."

Jama'a, aiki dai an ga aiki a Tasawa, amma irin wannan sai dai a ba da labari. Na Allah ya kori duk wani mai kawo gyaran ƙofar gida ko amalanke, ya ce su dawo bayan salla. Ya manna cikinsa a jikin kat-kat ya ja layin alli, ya zagaya ta da layin nan kaf. Ya ce duk abin da ke numfashi a motar nan sai ya wuce layin, ya wuce shi nesa. Ya je ya samo bututun ƙarfe na wani tsohon famfon rijiya da aka yar, mai faɗin bakin kofi. Ya cika shi da yashi, ya toshe bakinsa biyu, ya gasa a wuta, ya lanƙwasa shi a hankali har ya bi ƙirar motar, yashin ya hana shi karyewa a gwiwa. Ranar da zai huda kafaɗar motar, Mas'udu ya dafe kai ya juya baya, ya ce shi ba zai iya kallon ana yanka dukiyar gari ba. Na Allah ya yanke rami zagayayye tsaf, ko gyara bai yi masa ba. Ya zura bututun, ya haɗa shi da akwatin da ke tace iska da tiyon roba mai kauri, ya ɗaure da zobban ƙarfe, ya shafe kowace gaɓa da danƙo. A can sama ya yi masa hula da gindin tsohuwar tukunyar dalma, don kada ruwan sama ya faɗa ciki.

Ba a nan ya tsaya ba. Ya shiga ƙarƙashin motar ya kwana biyu yana rarrafe, ya gano wasu ƴan ƙananan ƙofofin iska a jikin akwatin giya da kan ƙarafan da ke juya tayoyi, waɗanda Mas'udu da ke tuƙi shekara goma bai san da su ba. Kowace ya sa mata siririn tiyo ya ja shi sama. Ya ƙara wa ƙarafan rasor na baya, masu ɗaukar nauyin mota, ganye biyu biyu, motar ta miƙe tsaye. Ya sa manyan tayoyi. Ya ƙera faranti mai kauri ya rufe cikin injin daga ƙasa saboda kututture. Ya rataya shebur da dogon jak da faffaɗan ƙarfe biyu masu huji na fita daga yashi. A baya kuma ya kafa ginshiƙai huɗu, ya rataya gado a kansu da robar cikin taya, can sama, yadda mai ciwo ba zai ji girgiza ba, ruwa kuma ba zai kai gare shi ba. Wannan gadon shi ya fi cin lokacinsa, sau uku yana kwance shi yana ƙara masa tsawo.

Ƴan tasha kuwa sun samu abin yi. Kullum sai sun zo sun tsaya. Wani ya ce giwa ake ƙerawa, wani ya ce a'a, murhu ne za a riƙa dafa shayi a kan hanya. Na Allah bai ji ko ɗaya ba, kurumta ma wani lokaci hutu ce.

Ran kwana goma sha biyu Mas'udu ya ga komi ya haɗu, ya yi murna, ya ce gobe sai gida. Hadari ya fara haɗuwa a gabas kowace yamma, an ce har an yi shuka a Hawandawaki. Na Allah ya ce a tada injin. Aka tada. Ya jawo ganga ya hau, ya cire hular bututun, ya ɗora tafin hannunsa a bakin hancin ya danne.

Dabarar a fili take. In babu wata kafa da iska ke shiga sai ta hancin, to da an toshe shi dole injin ya shaƙe ya mutu. In kuwa bai mutu ba, akwai inda yake satar iska, kuma inda iska ta bi, ruwa ma zai bi. Na Allah ya danne. Injin ya yi ƙasa, ya yi kamar zai tafi, sai ya farfaɗo ya ci gaba da bugawa a hankali. Shi bai ji ƙarar ba, amma yana jin bugun a hannunsa har kafaɗa. Fuskarsa ta canza.

"Ba ta gamu ba."

"Haba Baba!" in ji Mas'udu. "Mota lafiya lau tana aiki, kai kana son ta mutu? Ɗan abin da ya rage ai ba komi ba ne!"

Na Allah ya karanci bakinsa. Ya sauko daga ganga a hankali, ya zare makullin ya sa a aljihu.

"Kai Mas'udu, ka san ruwa nawa ne ke kashe inji? Ni na sani. Motar nan ba ta fita nan sai ta mutu a hannuna."

Kwana uku ana abu ɗaya. Ya kwance kowace gaɓa ya sake ɗaurewa, ya sake shafa danƙo, ya hau ganga, injin ya ƙi mutuwa. Mai kunne da ya kasa kunne ya ji inda iska ke tsiyaya, to shi ina ya ga kunnen? Ya sa Mas'udu ya saurara, Mas'udu ya ce shi ƙarar inji kawai yake ji. Ruwan farko ya sauka a Tasawa. Sakina ta bugo waya daga ƙauye, matarsa ta ɗauka ta faɗa masa a kunne cewa gulbi ya fara jiƙa. Tsohon nan ya daina cin abincin kirki. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsirara, kada ya sallami motar da hannunsa ta je ta tsaya a inda waccan ta tsaya, da ƴarsa a ciki.

Da safiyar rana ta huɗu yana zaune yana kallon wata mai ƙosai tana hura wuta, hayaƙi na fita ta tsagar murhunta, sai ubansa ya faɗo masa a rai. Tsohon in zai rataya sabuwar amya, yakan cusa mata hayaƙin kashin shanu ya ga ta inda zai ɓullo, ya liƙe wurin, don ƙudan zuma ba sa zama a gida mai yoyo. Na Allah ya miƙe zumbur. Ya aika aka samo busasshen kashin shanu, ya aro zuga-zugi wurin maƙeran bakin kasuwa, ya kunna kashin a cikin gwangwani. Injin a kashe, ya toshe mashigar iska ta can ciki da tsumma, ya riƙa zuga hayaƙi ta saman hancin. Mutane suka taru, ana toshe hanci ana dariya, wai yau Awon Cibiya turare yake yi wa mota.

Sai wata mata mai tallan nono da ta tsuguna a gefe ta nuna da baki. Wani siririn hayaƙi, kamar zare, yana fitowa daga ƙarƙashin akwatin tace iska, ta wurin da ido ba ya kaiwa. Na Allah ya kwanta ya kankare busasshen laka da farce. Ga shi nan: ɗan rami, bai fi ƙwayar wake ba, wanda aka yi tun asali don in ruwan sama ya shiga ya tsiyaye. Ya daɗe a kwance yana kallonsa. Sannan ya toshe shi da ƙusa mai zare da roba, ya shafe da danƙo ciki da waje.

Aka tada injin. Ya hau ganga. Ya ɗora hannu. Tiyon roba ya tsotse ciki, motar ta yi wata girgiza, injin ya yi gum, ya mutu murus.

Tabɗi! Wurin ya kaure. Wani direba ya ce La'ilaha illallahu, tsoho ya kashe inji da tafin hannu! Masu cewa giwa suka yi tsuru-tsuru. Har yau akwai waɗanda suka rantse asiri ne, ka yi ta yi musu bayani ba za su yarda ba. Na Allah ya duba tafinsa, zoben bututun ya fito ja a jiki. Ya miƙa wa Mas'udu makulli, ya ce, "Ni ma da ni za a tafi. Sai na ga mashigin da idona."

Haka ya koma Garin Sharifu bayan shekara talatin, a zaune gefen direba. Gulbin a lokacin iyakarsa idon sawu. Ya kwana biyu yana bin mashigin da sanda yana soka ƙasa, inda ya ji tauri ya kafa doguwar itace, har ya jera alamu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ya ziyarci kabarin Rahma. Ya ce jibi zai koma gida.

Jibin ba ta yiwu ba. Aka kwana biyu ana tafka ruwa a gabas, gulbi ya taso ya cika. A rana ta uku, wajen azahar, Illo makiyayi ya kawo matarsa Asma'u a kan amalanke, haihuwa ta zo da gardama, jini na zuba. Sakina ta duba ta ta fito, ba ta ɓoye ba, ta ce wannan sai Mayahi, kuma yanzu. Aka ɗora Asma'u a gadon nan mai rataye, Sakina ta hau kusa da ita tana riƙe da ledar ƙarin ruwa sama.

A bakin mashigi Mas'udu ya taka birki. Ruwa ja, shimfiɗe, itatuwan alama sai kawunansu. Mai gaggawar nan yau gumi yake yi. Na Allah ya tuɓe riga, ya ɗauki sandarsa.

"Ni zan shiga in tsaya a wuri mafi zurfi. In na ɗaga sanda, ka sa ƙaramar giya ka taho, ka bi ta hannun damana. Kada ka ɗaga ƙafa, kada ka canza giya. Ko ka ga na faɗi, kada ka tsaya. Ka ji ko?"

"Baba!" Sakina ta ƙwala daga baya. Bai ji ba, ko kuma ya yi kamar bai ji ba.

Ya shiga. Gwiwa, cinya, ƙugu. Ruwan ya zo cibiya, ya ji sanyinsa daidai wurin, ƙafarsa ta so ta ƙi tafiya. Ya ƙara taku. Ruwan ya wuce cibiya, ya haura da kusan taƙi guda, ya tsaya a ƙasan ƙirji. Ya fi na waccan shekarar. Ya soka sanda, ƙasa da tauri. Ya dubi gawon da ke hayi, ya dubi na bayansa, ya gane wurin sarai, nan ne. Ya juyo ya ɗaga sanda.

Motar ta sauko. Mutanen gari sun cika gaɓa. Ruwa ya shanye tayoyi, ya shanye fitilu, ya hau kan murfin injin ya rufe shi ruf. Abin da ya rage a sama sai gilashi, da gado, da Sakina a tsaye da hannunta a ɗage, da hancin nan mai hular tukunya. Mota a cikin ruwa har wuya, tana tafiya! Tana ture ruwa a gabanta, tana tahowa a hankali, ba ta fasa ba. Tsofaffin da suka ga ranar farko suna gaɓa suna kallo, wata tsohuwa ta ɗora hannu biyu a ka tana salati.

Na Allah ba ya jin komi. Duniya shiru take a wurinsa, kamar yadda ta yi shiru a waccan ranar, kuma daga inda yake ba zai iya sanin ko injin na da rai ba ko turin farko ne kawai ke kawo ta. Igiyar ruwan ta daki ƙirjinsa har ya yi taga-taga, ya dogara da sanda. Motar ta iso daidai shi. Ya miƙa hannu ƙarƙashin ruwa ya dafa kafaɗarta, kusa da ramin da ya yanka.

Tana bugawa. A ƙarƙashin ruwa, injin na bugawa daidai, ba tari, ba shaƙewa, yana jin sa har cikin haƙoransa. Ƙarfen ya zame a tafinsa, ƙofa ta wuce, gado ya wuce. Sakina ta leƙo ta dube shi, ya yi mata alama da sanda su tafi. Motar ta kai tudu, ta fito ruwa na zuba daga kowace kafa, ta haye gaɓa, ta miƙi hanyar Mayahi ba ta tsaya ba.

Aka bar tsoho shi kaɗai a tsakiyar gulbi. Mutane na ta yi masa hannu ya dawo. Bai dawo ba. Ya juya ya ci gaba, taku ɗaya ɗaya, ruwan ya sauka cibiya, ya sauka gwiwa, har ya taka busasshiyar ƙasa a hayin Mayahi. Ya zauna a gindin gawo, wandonsa na ɗiga. A nan ya yi azahar, a nan ya yi la'asar, idonsa na kan hanya.

Rana ta yi sanyi sai ga hancin ya ɓullo ta bayan gonaki. Na Allah ya miƙe. Tun daga nesa Sakina ta fito da hannu ta taga, don ta san kira ba zai yi amfani ba. Ta ɗaga yatsu biyu. Uwa da ɗa, duka biyun.

Motar ta tsaya a gabansa, injin na aiki. Mas'udu ya fito yana ta zuba, Sakina ta fito tana share ido. Tsohon bai dubi kowa ba. Ya ɗora tafinsa a kan murfin injin mai ɗumi, ya bar shi a nan, hawaye na bin gemunsa. Sakina tana kusa, ita ta ji abin da ya faɗa, kuma tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakinsa ba.

"Rahma," in ji shi, "mun haye."